Kukar da Ba Ta Son Tausayi

A gindin murhu Mariya ta fara jin sunan Tabawa, tana 'yar shekara bakwai. Mahaifiyarta ta ɗanɗana miya ta yamutsa fuska, ta ce wannan kukar ba ta Tabawa ba ce, a rana aka shanya ta. Daga baya Mariya ta gane Tabawa ƙanwar kakarta ce, wata tsohuwa siririya mai sayar da garin kuka a ƙofar gida a unguwar Congo-Russia cikin Jos.

Daga wani ƙauye a ƙasar Daura ta zo, lokacin da mijinta ya biyo aikin kuza. Shi ya rasu, ita ta zauna. Direbobi ke kawo mata ganye daga arewa, don kuka ba ta shiri da sanyin Jos. Amma a bayan ɗakinta, tsakanin duwatsu biyu, akwai guda ɗaya da ta shuka da hannunta. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ba ta wuce kafaɗar mutum ba.

In Mariya ta zo hutu daga sakandare tana taya ta tankaɗe, Tabawa kan lumshe ido ta tafi garinsu. Can, in ji ta, akwai kukar da maza goma ba sa iya zagaye ta da hannu. Kogonta na riƙe ruwan damina har bazara. Da ɓawonta ake tufka igiyar rijiya, zuma na zaune a rassanta, da almuru kuma jemagu ke zuwa wajen fararen furanninta. Shekarar da gero ya ƙi, ganyenta ya riƙe garin. Cikin 'ya'yan wannan kukar Tabawa ta zaɓi iri ta ƙulla a bakin zane ranar tafiya. Ba ta haihu ba, ba ta kuma sake ganin garin ba.

Ranin 1978 ƙaramar kukar ta zubar da ganye yadda ta saba, sai dai gindinta ya soma laushi. Tabawa ta danna yatsa, ya shige. Tun daga ranar abinci ya fita ranta. Mariya ce ta lura ƙasar wurin kullum a jiƙe take da safe, alhali an yi wata huɗu ba ruwan sama. Ta bi sawun ɗigon har shingen maƙwabcinsu Dantong, tsohon ma'aikacin kuza mai lambun kabeji a bakin kududdufi.

Bai musa ba. Ya ce bokiti biyu yake zuba mata kullum kafin ya wuce lambu.

"Mama, na ga ya bushe ne, ba ganye ko ɗaya. Na ce kar ya mutu maki."

Tabawa ta yi dariya har ta share ido da bakin ɗankwali.

"Dantong, kabeji ka ɗauke ta? Barci take yi. Ruwanta yana cikinta tun damina."

Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Da yamma ya dawo da shebur, ya kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya zuba yashi da tsakuwa. Tabawa ta shafa toka a inda ya yi laushi. Ruwan fari ya sauka, shiru. Sai bayan mako uku Mariya ta ga ganye uku a kan reshe, ƙanana kamar kunnen ɓera.

Tabawa ta rasu a ƙarshen daminar. Duk Juma'a Mariya na zuwa bayan ɗakin ta duba, saboda ranar da ganyen suka fito tsohuwar ta kama wuyan hannunta ta ce:

"'Yar nan, in ba ni, kada a tsinki ganyenta sai ta wuce rufin ɗakin nan. In kuma rani ya zo ta tuɓe, ki tsaya mata, kada ki bar kowa ya ji tausayinta."