Mai Auna Fitila da Gwiwa

Faɗana na farko da Bakanike, ɗan yayana, a kan ragar akurkin kajina ne. Na fito da safe na tarar an yanke ta tsaf, kaji na yawo a tsakar gida kamar su suka gina shi. Na leƙa garejinsa, da ma katanga ɗaya ce ta raba mu, sai ga ragata ya kara a hancin wata mota yana gwada faɗin wadda zai sa mata.

Na ce, "Kai, ɓarawon kaji ma ya fi ka mutunci, shi yakan bar ragar!"

"Gwaggo, aro na yi."

"Aro da almakashi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce zai mayar. Shekara goma sha bakwai ina jira.

Bakanike ba ya taɓa inji. Aikinsa fuskar mota: ya cire ragar gaba da aka zo da ita daga kamfani, ya ɗaura sabuwa mai sheƙi, irin wadda samari ke mutuwa a kai. Matsalar sabuwar raga, sau da yawa takan cinye gurbin ƙananan fitilun nan na hazo, sai an sake musu mazauni. A nan ya yi suna, a nan kuma ya kori masu mota ba iyaka. Zai tsaya gaban mota ya jingina ƙafarsa, inda gwiwarsa ta tsaya nan ne iyaka. Ko kwanciya ka yi kana roƙo, ba zai ɗaga fitila ta wuce nan ba. Yakan ce hazo bai cika taɓa ƙasa ba, fitilar ƙasa ta ƙarƙashinsa take bi ta nuna maka kwalta. In ka ɗaga ta, hasken ya daki hazo ya dawo maka ido, ka ga farin bango kawai.

'Yarsa ɗaya, Auta. Uwarta ta rasu tana goye, don haka a garejin ta yi rarrafe, bakinta duk baƙin mai. Ta girma ta zama nas a wani asibiti da ke hayin kogi, ta sayi 'yar tsohuwar mota ja. Ranar da ta shigo da ƙatuwar raga a kwali, uban ya dube ta ya girgiza kai.

"Wannan ai za ta haɗiye bambar gaba ɗaya. Ina zan sa fitilun?"

"A cikin ragar mana, Baba, sama, kamar idon mage."

"Sun wuce gwiwa."

"To gwiwarka ce gajera. Baba, don Allah. Duk garin nan ka yi wa motocinsu kwalliya, sai tawa?"

Ta rataye a wuyansa. Mutumin da ya kori masu manyan riguna, ga shi ya ɗauki injin huda. Ya huda, ya ja waya, ya ɗaure noti, yana ta mita. Ya ce sati ɗaya kawai, ta ɗauki hotunanta, ranar Asabar zai ƙera ƙarfe ya sauke su ƙasan bamba.

Ranar Alhamis ta fita aikin safe. Hazo ya kwanta a bakin kogi. A kwanar gada motar ta bar hanya.

Waɗanda suka ciro gawarta sun ce taya ce ta fashe. Wasu suka ce babbar mota ta kauce wa. Shi bai tambayi kowa komai ba sai abu ɗaya: fitilun a kunne suke? Aka ce a kunne.

Ya kwance ragar daga jikin motar, duk ta lanƙwashe, ya rataye ta a bangon gareji inda zai riƙa ganinta. Bai ƙara ɗaura wa kowa raga ba. Duk motar da ta tsaya a layinmu, ko ta mai kawo ruwa ce, sai ya je ya jingina mata ƙafa. Mutane suka fara kewaye layin. Abincin da nake miƙa masa ta katanga, yadda ya tafi haka yake dawowa. Na zage shi, na lallashe shi, na ce kwananta ne ya ƙare. Ya ce, "Na sani, Gwaggo. Amma ni na huda."

Wata huɗu bayan haka ya shigo gidana da sabuwar raga a naɗe. Kaji kuwa na daɗe da daina kiwo. Ya durƙusa gaban tsohon akurkin yana ɗaurewa, wayar ɗaurin na suɓuce masa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai ga ƙarshen watan ba, amma ranar ban sani ba. Da na sani da na nemo magana mai laushi. Abin da ya fito daga bakina ke nan:

"Tashi daga ƙasa, ɗan nan. Shekara talatin gwiwar nan na mayar da 'ya'yan mutane gida lafiya, rana ɗaya tak ka zama uba ka bar ta ta huta. Tashi ka ci abinci, kar ka sa ni binne ku biyu."