Baibayar Masallacin Nassarawo

Mun idar da sallar asuba ke nan muka bar Yola, ni da abokan tafiyata biyu, mako biyu bayan ƙaramar Salla. Dalilin tafiyar wasiƙa ce daga wani tsohon ɗalibina wanda ke limanci a wani ƙaramin masallacin unguwa a Nassarawo ta Mubi. Ya rubuto cewa tun da aka jefa ƙuri'ar zaɓi tsakanin Nijeriya da Kamaru, jama'arsa ta rabu biyu, rabi sun daina salla a bayansa, ladaninsa kuma ya daina kiran salla. Ya ce in ban zo ba zai ajiye limancin ya ƙaura. Na ɗauki littattafai huɗu a gafaka, ina zaton da su za a yi maganin abin.

Jirgin fito ya ƙetare da mu Binuwai, muka hau babbar mota mai ɗauke da gishiri da kananzir. Direba ya girmama furfurata ya sa ni gaba, inda na gane cewa girman ya haɗa da zafin inji a ƙafa. A Song muka sha fura da nono na sisi, mai kauri ƙwarai. Daga Gombi zuwa Hong duwatsu suka fara tasowa, na ga gonaki an yi musu matakala da dutse har ƙololuwa. Wanda ya ga wannan aiki ba zai raina mutanen tudu ba. A cikin motar kuwa zancen ƙuri'a ake ta yi, ko da yake an riga an sanar Nijeriya ta rinjaya, har direba ya yi barazanar sauke mutum biyu a daji.

Mun shiga Mubi bayan la'asar. Gari ne mai albarka: gyaɗa tuli a kasuwa, shanu suna shan ruwa a bakin mayo, wato kogi, ka ji Fillanci da Gude da Hausa a rumfa guda ana ciniki ba gardama. Liman ya tarye mu da tuwon dawa da miyar kuka, amma shi bai ci ba.

Ga yadda abin ya faru. Mahaifiyar Liman da 'yan'uwansa suna bayan duwatsun Maiha, ya ji tsoron iyaka ta raba shi da su, ya karkata ga Kamaru, har ya faɗi hakan bayan salla. Ladan kuwa fataken gyaɗa ne danginsa, hanyarsu ta yamma ce, don haka Nijeriya ya zaɓa. A zafin lokacin ya ce Liman zai sayar da su ga Faransa, Liman ya ce masa ɗan amshin shata. Shekara ashirin suna tare, amma ko a azumi ba su sha ruwa a tabarma ɗaya ba.

Washegari na zaunar da kowane ɓangare, na karanta musu abin da malamai suka faɗa a kan ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Kowa ya ce, “Gaskiya ne, Modibbo,” kowa kuma ya nuna cewa ɗayan ake nufi. Na rufe littattafaina.

Ana cikin haka damina ta gabato, jinkar masallacin kuwa ta ruɓe, ana hango sama daga sahun gaba. Al'adarsu kowace shekara a yi gayya a baibaye ta, bana ba wanda ya kira gayyar.

A rana ta uku da hantsi sai ga wani dattijo Kirista, manomi daga Mugulbu, da jakuna uku ɗauke da yantacciyar ciyawa. Aka gaya mini shi ke kawo ta duk shekara tun zamanin mahaifin Liman, wanda ya taɓa ba shi masauki. Ya sauke kaya, ya duba bai ga kowa ba.

“Liman, ina mutanenka?”

“Baba, bana sai haƙuri.”

“Haƙuri? Ni na yanka ciyawa, na saƙa shi, na kawo. Ba zan koma da shi ba, jakina ya gaji. Kawo tsani.”

Tsohon nan, wanda ya girme ni, ya kama tsani ya fara hawa yana rawar ƙafa. Ladan yana zaune a ƙofar gidansa yana kallo. Ya yi tsalle ya riƙe tsanin.

“Baba, sauko! Ka faɗo a ce mu muka kashe ka?”

“To hau kai. Ko ƙuri'a ya cinye ƙafarka?”

Aka yi dariya, Ladan ya hau. Su kuwa baibayarsu ba ta yiwuwa da mutum ɗaya: na sama ya soka igiya ta cikin ciyawa, na ciki ya zagaya da ita a jikin sanda ya mayar masa. Wanda ke tsaye a ciki Liman ne. Igiya ta sauko tana lilo a gabansa, ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya kama.

“Ja,” in ji Ladan daga sama.

“Na ja. Matsa dama, ka bar rami.”

Wannan ce maganarsu ta farko cikin wata biyu. Kafin rana ta take, mutanen ɓangarorin biyu sun cika wurin, ana jefa dammuna sama ana cafewa.

Da azahar ta yi aka tsaya cirko-cirko. Wani ya ce, “Modibbo ya ja mu, a huta.” Na gane dabara ce ta kauce wa Liman. Na ce ni matafiyi ne, ban yi niyyar zaman kwana huɗu ba, raka'a biyu zan yi, kuma malamanmu sun ƙi mazauni ya bi matafiyi alhali ga limaminsa. Wannan ita ce mas'ala guda da ta yi amfani cikin dukkan abin da na ɗauko. Ladan ya sauko, ya kakkaɓe ciyawa daga rigarsa, ya yi alwala, ya sa yatsu a kunne ya kira salla. Da ya tayar da iƙama ya juya ya ce, “Bismilla, Liman.” Tsohon yana gindin bishiya yana ba jakunansa ruwa har muka sallame.

Mun dawo Yola lafiya a rana ta biyar, an yi mana yayyafin farko a Gombi. Na koyi cewa hujja tana gamsar da kai ba tare da ta motsa ƙafa ba, kuma Allah yana aiko sulhu ta hannun wanda Ya so. Liman zai riƙa ƙetare iyaka don gaida mahaifiyarsa, wannan ba ta sauya ba. Amma ya aiko mini cewa ya kwance kayan ƙaura, kuma ruwan farko bai ɗiga a sahu ba.