Goggo Tafireta da Haruffa Masu Ƙugiya

Shekara talatin da ɗaya Goggo Tafireta ta yi tana buga wa mutane takardu a wani shago mai taga ɗaya a bayan kotu. Ta fara ne da tafireta mai ƙarar tsiya, wadda ba ta san ƙ ko ɗ ba. Sai ta gama shafi ta bi shi da biro tana yi wa haruffa ƙugiya. Da kwamfuta ta zo, sa'o'inta suka ajiye aiki, ita kuwa ta sayi tabarau ta gyara zama. Halinta ke nan, ba ta ganin abu a rufe ta wuce.

Matar ɗanta, wadda take tsokana da Injiniya, rubuta manhaja ce sana'arta. Ita ta haɗa mata wakili a kwamfutar shagon, wato manhajar da za a ba umarni ta buɗe fayil, ta karanta, ta gyara kurakurai, ta adana.

Ranar farko Goggo ta ba shi wasiƙar wani manomi. Ya dawo da ita tsaf, sai dai duk inda ƙugiya take, alamar tambaya ce ta tsaya.

"Injiniya, zo ki gani. Ɗan aiken naki tambayoyi yake jero mini."

Injiniya ta leƙa, ta dafe kai. "Laifina ne, Umma. Ai cikin fayil babu haruffa, lambobi ne zalla, kowane harafi da tasa, kuma jadawali ke nuna lambar kowanne. Ya karanta da jadawali mai kyau, ya adana da wanda bai san ƙ ba."

Goggo ta zare tabarau. "Ashe duk shekarun nan lambobi nake bugawa? Nuna mini inda ake gaya masa."

Injiniya ta buɗe umarnin, ta nuna layin da ke adana fayil. Goggo ta ture mata hannu, ta tambayi sunan jadawali mai kyau, ta buga shi da kanta. Aka sake gwadawa, ƙugiyoyi suka dawo. Amma idonta ya riga ya faɗa kan wani harafi guda a layin.

"Wannan fa, me yake yi shi kaɗai?"

"Shi ke cewa a share abin da ke ciki, a zuba sabo."

"A share takardar mutum ta asali? Haba, 'yar nan!"

Ba ta bar ta ta tashi ba sai da wakilin ya koma ajiye gyaransa a sabon fayil, tsohon yana nan yadda yake.

Yanzu tana da littafi cike da layukan umarni, da tambayoyi a gefen kowane shafi. Makon jiya da azahar ta buga waya gidan ɗanta, shi ya ɗauka. Ko gaisuwa ba su gama ba ta ce, "Ba ni matarka. In wakilai biyu suka buɗe fayil ɗaya lokaci guda, rubutun wa zai zauna?"