Tukunyar da ke Tutar Göntje

Shekara arba'in Göntje Ketelsen ta yi tana ɗinka tutar Firisiyawan Arewa a garin Bräist: ruwan ɗorawa, ja da shuɗi, a tsakiya kuma kambi, rabin mikiya da tukunyar kunu. Keken ɗinki ya cinye mata ido da baya, ba ta taɓa ƙorafi ba.

Da taron Firisiyawan sassa uku ya matso, sai Momme, shugaban kwamiti, ya shigo shagonta yana sosa ƙeya.

"Inna Göntje, bana ki cire mana tukunyar nan. 'Yan'uwanmu na Yamma da na Gabas dariya suke mana, wai tutar kicin."

Ta sauke tabarau, ta dube shi sama da ƙasa. Ko yaron goye ya san labarin tukunyar: a can da, mazan Firisiyawan Arewa sun juya baya a fagen yaƙi, mata suka kori abokan gaba da tafasasshen kunu.

"Kunya kake ji, Momme? Ai da dalilinka. Ranar da kakanninka suka ranta a na kare, tukunyar nan ce ta tsaya."

Ta ɗinka tutar a kan lokaci. Tukunyar bana ta ninka mikiyar girma.