Murhun da Aka Duba a Zaure

Ƙwal, ƙwal. Haka tukunyar ta riƙa yi ranar da na fara tuƙa tuwo a kan sabon murhun. Duk juyin muciya sai ta yi rawa, ƙarfe ya bugi ƙarfe.

Zamanin soja ne, lokacin da shirye-shiryen taimakon mata suka yi yawa. Namu na rage ƙona itace ne. Aka tara mu a firamaren unguwa, aka ce daji na ƙarewa, kuma gaskiya ne, don masu amalanken itace daga wajen Nangere kullum kukan nisa suke yi. Aka ba kowace mace murhun ƙarfe mai siraran ƙafafu. Na karɓa da bisimilla, na yi wa waɗanda suka kawo addu'a.

Itace kam kaɗan yake ci. Shayi da miya ba laifi. Amma wanda ya ƙera shi bai taɓa tuƙa tuwon dawa na babban gida ba. Bakinsa ƙarami, tukunyar tuwo ba ta zama daram. Wata rana ina tsakar tuƙi ta goce, talge ya zubo wa ƙaramar 'yata a ƙafa, tana gefe tana wasa. Tabon na nan har yau. Na jingine murhun a bayan ɗaki, na koma kan duwatsuna uku.

Da aka ce masu shirin za su zo duba ko yana da amfani kafin a raba a ƙauyuka, har da Mamudo inda ƙanwata ke aure da yara masu rarrafe, daɗi na ji. Na tsara abin da zan faɗa: a faɗaɗa bakin, a gajarta ƙafafun. Har ɗan Turancina na sakandare na karkaɗe.

Sai ga su duk maza. Gidajenmu kuwa ba a shiga. Mai unguwa ya ce kowa ya fito da murhun matarsa zaure. Abin da suke dubawa ɗaya ne, baƙin hayaƙi. In akwai, ana amfani ke nan.

Maƙwabciyata, Bafulatana ce da mijinta ke dillancin shanu a kara, ba ta taɓa hura nata ba, kaza ce ke ƙwai a ciki. Ta kori kazar, ta shafe shi da baƙin tukunya, ta leƙo ta katanga tana dariya.

"'Yar boko, yau dai na fi ki girki."

Na roƙi maigidana ya faɗa musu batun tukunyar, ko ya bari in fitar da ita su ɗora su gani. Ya ce to. Na laɓe a bayan zaure ina ji. Suka tambaya ko uwargida na amfani da shi, ya ce ta yi, tana godiya. Ɗayansu ya shafa murhun, ya ce masha Allah, ga shaida nan a yatsansa. Suka sha ruwa suka wuce.

Da ya shigo na ce, "Malam, ƙafar yarinyar fa?"

"Haba, maman yara. Mutum ya ba ki kyauta, ya tako har ƙofarki, ki tare shi da ƙorafi?"

Ba mugu ba ne. Shi ya ɗauke ta a keke zuwa asibiti, hawaye na zubo masa. Abin da ke ci mini rai ke nan: ba wanda zan nuna in ce shi ya cuce mu. Da sun zo da mace ko ɗaya, ta shigo ta riƙe muciya, da an gama.

Aka faɗa a rediyo cewa shirin ya yi nasara, aka kai Mamudo. Iyakar abin da na iya, na aika wa ƙanwata ta bakin mai kawo mana nono cewa don Allah kada ta tuƙa tuwo a kan murhun.

Bayan kwana biyu na jawo shi zan dafa shayi. Yarinyar ta ja da baya, ta ɓoye ƙafarta a cikin zanina.

"Inna, ki mayar da shi. Ai wannan na baƙi ne, su suke kallo."