Ƙafar Birago da Sandar Makaɗi

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Talata, 4 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Yaa Birago Ampofo a wani asibiti a nan Kumasi, bayan shanyewar ɓarin jiki da ta kwantar da ita na ɗan lokaci. Ta bar mahaifiyarta, Maame Dufie, da 'yarta Nyarko mai aikin jinya a Amurka. Ta kuma bar ni, Tuffuor, abokin aikinta mai ɗaukar hoto, da shagonmu na unguwar Adum wanda har yau ina jin nauyin buɗe shi.

Sista Birago, ni da ke jana'iza ce ta ciyar da mu. Kowace Asabar ina cikin masu ja da baƙin zannuwan makoki da kyamara a kafaɗa, ke kuma kina sama a shago, gaban allo, kina jiran abin da zan kawo ki tace. Ba ki taɓa karɓar aikina ba tare da tsiya ba. "Tuffuor, wannan hannun naka zazzaɓi yake yi, ko yunwa ce?" Sai ki turo mini ƙullin dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi, ki ce in ci kafin in ƙara ɓata wa mamaci suna.

Da manyan kyamarori masu hoto tar-tar suka shigo gari, kowa ya ɗauka wahala ta ƙare. Ashe lokacin ta fara. Bidiyo dai hotuna ne ake jerawa da sauri: kyamarorinmu na ɗaukar ashirin da biyar a daƙiƙa, na 'yan'uwan da ke zuwa daga Amurka talatin, waya kuwa ba ta da alkawari, in ta yi zafi ko haske ya ragu sai ta rage da kanta. Dangi su kwaso wannan duka su ce a haɗa musu faifai ɗaya. Mai gaggawa ya zuba su haka nan, hoto ya riƙa tsalle, sauti ya riƙa zamewa a hankali, kafin a kai tsakiya baki na motsi daban, magana na fita daban. Ke ba ki taɓa yarda ba. Sai kin mayar da kowane ɗauka kan ƙidaya ɗaya tukuna, ko da injin zai wuni yana nishi, sannan ki fara yanka.

A wani gari wannan ƙaramin abu ne. A nan, inda mace ke shiga fili ta taka rawar adowa don girmama mamacinta, tsofaffi na kallon ƙafarta da hannunta, ba ƙarami ba ne. Ba zan manta da Agya Boadu makaɗi ba, ranar da ya hawo matakalarmu yana haki. Wani shago ya tace jana'izar da ya yi kiɗa, faifan ya nuna masu rawa suna saɓa wa ganga, aka fara cewa a buge ya zo, har gidaje suka daina kiransa. Kika sa aka karɓo ainihin ɗaukan, kika gyara, kika ɗauki faifan da kanki kika kai gidan masu makokin. Da ya zo godiya da doya da kaza, cewa kika yi, "Agya, kazar nan ta fi ka rama. Mayar da ita ta yi ƙiba tukuna."

Ranar ce kika faɗa mini maganar da kika yi ta maimaitawa har na haddace ba da niyya ba: a fara daidaita sauti da sandar makaɗi, daidai inda ta taɓa fata, a farkon ɗauka da ƙarshensa, sannan a dubi mai rawa. Abin da na'ura ta ɓata, a gyara. Abin da mutum ya yi da jikinsa, a bar masa kayansa.

Da kika rasu, dangi suka ce a zaman makon rasuwa za a kafa allo a gidanku na unguwar Bantama a nuna ki. Nan muka gane abin da kika yi mana. Matar da ta tace rayuwar rabin gari ba ta da bidiyon kanta, don duk lokacin da na juyo da kyamara sai ki ɗaga takalmi. Abu ɗaya aka samu: wanda Nyarko ta ɗauka a ɓoye da waya lokacin da ta zo Kirsimeti, kina taka adowa a jana'izar wata maƙwabciya, Agya Boadu na kiɗa. Muka kunna, hoton na tsalle, ƙafarki na sauka bayan ganga ta wuce. Ga shi Maame Dufie za ta zauna a gaba, matar da a zamaninta ake zuwa daga ƙauyuka kallon rawarta, ita ce kuma ta koya miki. Wannan ne ganin ƙarshe da za ta yi wa 'yarta a tsaye.

Na zauna a kujerarki, wadda ba ki taɓa bari na zauna ba. Na yi yadda kike yi. Na mayar da ɗaukan kan ƙidaya ɗaya, na nemo inda sanda ta taɓa fata a farko da ƙarshe, na ɗaure sauti a nan. Tsallen ya tafi. Tafin mata ya zauna daidai, sandar Agya ta zauna daidai, hannuwanki ma daidai. Amma ƙafarki ta hagu ta ci gaba da makara. Na sake daga farko, na kuma sakewa. Sai na gane ba laifin waya ba ne. Ciwon ya riga ya taɓa ki tun lokacin, kika rufe bakinki, kika ci gaba da hawa matakalar shago kina yi mini tsiya.

Na kira Agya Boadu ya gani. Ya kalla har ƙarshe. "Na gan ta ranar," ya ce. "Na ja kiɗan baya kaɗan don in jira ta. Ta watso mini harara, wai kar in kuskura. Sai na koma yadda nake."

Nyarko, da ta iso daga Amurka tana tsaye a bayanmu, ta fashe da kuka. Wofa take kirana, wato kawu. "Wofa, don Allah ka matsar da sautin kaɗan. Wa zai sani? Kar kakata ta ga Mama tana jan ƙafa a gaban mutane."

Da yatsa ɗaya zan iya, kuma Allah ya sani na so in yi. Amma in na matsar da sauti ya bi ƙafarki, sandar Agya za ta saɓa, mu mayar da shi mashayin da kika wanke. Kuma zan shafe abin da kika yi ranar, ke da kika ƙi a sassauta miki. Na ce mata, "'Yata, uwarki ba ta koya mini haka ba." Ta yi fushi da ni, ban kuma ga laifinta ba.

Ranar zaman, aka kunna allo bayan an gama gaisuwa. Ban kalli allon ba, fuskar Maame Dufie nake kallo. Ba a yi nisa ba ta daina kaɗa kai. Ta gani, kafin kowa. Da bidiyon ya ƙare, wata daga baya ta fara cewa ai wayoyin nan haka suke ɓata hoto. Tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Ba waya ba ce. Ƙafar ce ta ƙi ta." Ta share ido da bakin zaninta. "Ku dubi hannunta, bai makara ko sau ɗaya ba. Da ciwo a jikinta ta shiga fili, ba ta zauna ba sai da kiɗa ya tsaya. Ni na haifi wannan. Tuffuor, ɗana, mayar mini da shi daga farko."

Na mayar. Agya Boadu ya jawo gangarsa ya bi kiɗan da ke fita daga allo, tsohuwar ta miƙe da sandarta, Nyarko ta riƙe ta, suka taka tare da ke. Ni da na shekara da shekaru ina ɗaukar kukan mutane, ranar ban iya ɗaga kyamara ba.

Allah ya jiƙan ki, Sista Birago. Ya yafe miki kurakuranki, ya dube ki da rahama kamar yadda kika riƙa duban mamatan mutane da kulawa, ya ba ki hutun da ba ki ba kanki ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maame Dufie, Allah ya sanyaya mata zuciya, ya ba ta ƙarfin ɗaukar abin da ya fi ƙarfin uwa. Ga Nyarko, Allah ya zama gatanta, ya sa ta yafe wa Wofanta taurin kai. Haka ga dangin Ampofo baki ɗaya, da makaɗa da masu ɗaukar hoton Kumasi da suka yi rashin mai rufa musu asiri.

Faifan yana nan a shago, Sista. Na gyara abin da waya ta ɓata. Rawarki kuwa ban taɓa ta ba.