Malam Amma, Wanda Ya Ƙi a Ce Masa "Da Sauransu"

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Farfesa, wanda ɗalibai da abokan aiki suka fi sani da laƙabin Malam Amma, a shekarar 1949, a wani ƙaramin gari da ke dab da iyakar ƙasa, a gidan da ke bayan tashar mota. Mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa kuma tana sayar da zare da maɓalli a cikin gida. Telan nan ɗan ci-rani ne na haƙiƙa, domin da zarar an kawar da amfanin gona sai ya ɗaure kan kekensa a buhu ya ƙetare iyaka, ya kama rumfa a wata kasuwa ta can, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Almakashinsa biyu, ɗaya a nan ɗaya a can. In aka tambaye shi ina ne gida, sai ya ce, "Ƙafa ɗaya nan, ƙafa ɗaya can, wacce kuke so in yanke?" Yaron ya tashi yana jin wannan magana har ta zauna masa a kai.

Karatu

An sa shi makarantar firamare a 1956, ya wuce sakandaren kwana a 1963, kuma a can ne Allah ya haɗa shi da wani yaro mai tsawo da yawan dariya da ake kira Dogo. Gadonsu na kusa da juna, sabulunsu ɗaya, dutsen gugarsu ɗaya. Marigayi yakan duƙufa a kan littafi har idonsa ya yi ja, Dogo kuwa yana filin ƙwallo, amma duk ƙarshen zango Dogo ne na ɗaya, shi na biyu. Wajibi ne mai rubuta tarihi ya faɗi gaskiya: Dogo bai taɓa cutar da shi ba, bai taɓa yi masa gori ba, hasali ma shi ke fara rungume shi ranar sakamako. Wannan kirkin ne ya fi komai ci wa marigayi rai, domin ya rasa laifin da zai riƙe.

Tare suka shiga jami'a a 1970, tare suka karanci kimiyyar siyasa, sannan kowa ya tafi wata ƙasa daban neman digiri na uku. A 1980 ƙaddara ta dawo da su sashe ɗaya, aka ba su ofis ɗaya mai tebur biyu da fanka ɗaya da taga ɗaya. Teburin Dogo ne a bakin tagar, saboda ya riga shi kama aiki da 'yan kwanaki.

Aure

A 1981 ya auri wata malamar lissafi a makarantar 'yan mata, mace mai haƙuri da kaifin harshe, wadda ta zauna da shi shekara arba'in. Dogo ne babban abokin ango. An ce a hoton bikin ma kan Dogo ya zarce na kowa, kuma hoton bai daɗe a bangon falo ba aka mayar da shi ɗakin ajiya.

Maƙalar 1983

A wancan zamani masana harkar ƙaura suna ɗaukar ɗan ci-rani a matsayin mutumin da ya bar wata ƙasa ya koma wata, don haka dole a lissafa shi ko dai namu ko nasu. Marigayi ne ya fara cewa wannan kuskure ne, akwai dubban mutane irin mahaifinsa waɗanda rayuwarsu ke tsaye a ƙasa biyu lokaci guda, kuma duk tsarin lafiya ko na ilimi da ya tilasta musu zaɓar ɗaya, zalunci ne. Ya shafe rani biyu a tashoshin mota da rumfunan kasuwa da rikoda a hannu, yana naɗar hirar direbobi da teloli da mata 'yan kasuwa. Dogo, wanda Allah ya ba shi alƙalami mai daɗi, ya taya shi tsara bayanan da goge rubutun. Suka kira abin Ra'ayin Ƙafa Biyu.

Al'adar sashensu ita ce a jera sunayen marubuta bisa tsarin haruffa, kuma sunan Dogo na yanka yana can farko-farko, na marigayi yana can ƙarshe. Wannan bai zama matsala ba, domin ƙa'idar masana ita ce in marubuta biyu ne, duk mai kafa hujja da aikinsu sai ya ambaci su biyun. In sun kai uku ne ake taƙaitawa, a ambaci na farko a ce "da sauransu". Marigayi ya san wannan ƙa'ida sarai, yana koyar da ita ma. Amma shekarar nan yana neman ƙarin girma, sai ya kawo shawarar a sa sunan shugaban sashe.

"Haba mutumina," in ji Dogo, "dattijon nan ko shafi ɗaya bai karanta ba."

"Ai ba karatu ake nema a wurinsa ba," in ji marigayi. "Shi ke zama a kwamiti."

Aka sa sunan. Marigayi ya samu ƙarin girmansa a 1985. Maƙala kuwa ta yi farin jini fiye da zaton kowa, aka fassara ta, aka sa ta a manhajar jami'o'i, kuma a kowane littafi da kowace mujalla abin da ake rubutawa shi ne sunan Dogo, sai "da sauransu", sai 1983. Maganar mahaifinsa, da ranin da ya sha a tasha, duk suka shige cikin kalma biyu, tare da dattijon da bai karanta ko shafi ɗaya ba.

Shekarun raddi

Daga nan gayyata ta riƙa zuwa wa Dogo daga ƙasashe, kuma ta ofishinsu ɗaya take biyowa, wani lokaci ma masinja a hannun marigayi yake danƙa ta. Dogo bai ɓoye gaskiya ba. Duk taron da ya je sai ya ce ra'ayin na abokinsa ne, mahalarta su yi tafi, su yaba tawali'unsa, su ƙara gayyatarsa. Labarin wannan tafin in ya iso, marigayi ba ya cin abincin kirki ranar. Maiɗakinsa takan ajiye kwano ta ce, "Malam, yau kuma wace ƙasa Dogo ya tafi?"

Mahaifinsa ya rasu a 1988. Bayan shekara uku hukumomin ƙasashen biyu suka ɗauki ra'ayin suka mayar da shi aiki: aka fito da kati na musamman ga 'yan ci-rani, wanda da shi mutum zai ƙetare iyaka ba wahala, a duba shi a ƙananan asibitocin da aka gina a ɓangarorin biyu, a karɓi ɗansa a makaranta ko a nan ko a can. Jama'ar tasha suka raɗa masa suna katin Dogo. A watan da marigayi ya ji wani kwandasta ya faɗi haka da kunnensa, a watan ya nemi a canza masa ofis. Aka ba shi wani ƙaramin ɗaki kusa da matakala, babu taga sam, ya karɓa da godiya.

A 1993 ya wallafa raddinsa na farko a kan Ra'ayin Ƙafa Biyu, da sunansa shi kaɗai. Abin ya ɗaure wa mutane kai, wasu suka ce wannan shi ne cikar malanta, mutum ya soki aikin da yake da hannu a ciki. Ba malanta ba ce, hassada ce, kuma shi kansa ya sani. A wannan zamanin ne ya samu laƙabinsa, saboda duk taron ƙara wa juna sani da aka yi, zai gyara gilashi ya ce, "Maƙala ta yi kyau, amma..." Ɗalibai har caca suke yi a kan daƙiƙar da amman za ta fito. Ya zama farfesa a 1997, shekara uku bayan Dogo, kuma ya lissafa shekarun nan uku cikin abubuwan da aka yi masa.

Babban littafinsa ya fito a 2002. Babu wanda ya taɓa yi wa ra'ayin illa kamarsa, domin ya san rauninsa kamar yadda magini ya san inda ya rage siminti. Ya nuna inda alƙaluma ba su cika ba, da garuruwan da ba a je ba, da tambayoyin da aka yi ba daidai ba. Duk gaskiya ne. Abin da bai rubuta ba shi ne, duk da wannan rauni, ra'ayin daidai yake. Dogo ya karanta littafin, ya tsayar da marigayi a barandar sashe ya ce, "Mutumina, ka fi ni sanin aikin nan, dama na sha faɗa." Marigayi ya ce yana da aji, ya wuce.

Rahoton kwamiti

A 2008 sabuwar hukuma da ke neman rage ɗawainiya ta kafa kwamiti ya duba batun katin. Kwamitin ya ba da shawarar a soke shi, kuma hujjarsa tun daga shafin farko littafin marigayi ce, an ambaci sunansa cikakke, shi kaɗai, babu kowa a gabansa babu kowa a bayansa. Aka soke katin, aka rufe asibitocin ɗaya bayan ɗaya.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce a ɗaya daga cikinsu. Ranar da suka kulle ƙofa ta zo gida da kayan aikinta a jiki, ta same shi a falo, rahoton yana kan tebur a buɗe. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, sannan ta ce, "Baba, na ga sunanka. Allah ya sanya alheri."



"Yau wani tsoho ya zo karɓar maganin hawan jini," in ji ta. "Tela ne, da kan kekensa a buhu. Na ce masa an rufe. Ya ce to a can ɓangaren fa? Na ce can ma. Baba, wallahi da ka gan shi, kamar Kaka."

Maiɗakinsa ta shaida cewa ya ji kunya ranar, kunya mai tsanani, har ya kasa fita masallaci. Ta kuma shaida cewa bai jefar da rahoton ba, ya sa an yi masa bango mai ƙarfi ya ajiye.

Ritaya da shekarun ƙarshe

Ya yi ritaya a 2014. A shekara ta gaba Dogo ya zo gidansa yana dogara sanda, ciwon suga ya rage masa tsawo da dariya. Suka zauna a ƙarƙashin rumfar mota. Dogo ya ce su sake rubuta maƙalar, su toshe duk ramukan da littafin ya tona, ko Allah zai sa a dawo da katin.

"Mu biyu kawai," in ji shi. "Sunanka a gaba. Haruffa su yi haƙuri."

 Abin da marigayi ya nema shekara talatin ne aka miƙo masa, amma daga hannun da ba ya so. Ya ce, "Ban kai ga karɓar sadaka ba tukuna." Ya raka shi har mota, ya riƙe masa sanda ya shiga, kuma wannan ne zamansu na ƙarshe.

Dogo ya rasu a 2017. Marigayi ya yi kuka na gaskiya a wurin jana'iza, ya kuma lura da yawan jama'ar da suka halarta. Bayan an share makoki matar Dogo ta aiko masa da kwali cike da tsofaffin kaset-kaset na hirarrakin tasha da bayanan da mijinta ya fara haɗawa. A kaset na farko muryar mahaifinsa tela ce, tana tambaya wace ƙafa ake so ya yanke. Tun daga ranar ya koma teburi, ya shafe shekara huɗu yana rubuta amsar littafinsa da hannunsa. Ya kusa kammala komai, sai wurin sunaye a shafin farko, wanda ya bari fari. Ya kasa sa nasa a gaba, ya kasa sa na Dogo.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2021, yana da shekara saba'in da biyu, bayan gajeriyar jinya. An yi masa salla a masallacin jami'a, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan gidajen ma'aikata, layi biyu tsakaninsa da Dogo. Wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda a lokacin ita ce shugabar sashe, ta karɓi rubutun ta ƙarasa babin ƙarshe. Da ta tarar babu sunaye, sai ta bi al'adar sashe cikin ladabi da kyakkyawar niyya: ta sa Dogo saboda bayanansa, ta sa kanta saboda babin da ta rubuta, ta sa malaminta, bisa tsarin haruffa. Aikin ya fito a 2022, masana suna yabonsa, kuma kowa ya san yadda ake ambatonsa.

Wasiyya ɗaya ya bar wa maiɗakinsa a gadon asibiti, cewa in za a sanar da rasuwarsa a faɗi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kada a ambaci babba a taƙaita saura. An cika masa ita a sanarwa, kuma za a cika ta a nan. Ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya shida: babbar, ma'aikaciyar jinya, mai bi mata, injiniyan ruwa, sai malamar firamare, sai mai shagon gyaran waya, sai wadda ke aure a ƙetaren iyaka, sai autansu, wanda bai yi nisa a karatu ba, tela ne, kuma a hannunsa almakashin kakansa yake. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa.